Jirgin Yavuz: amsar tambayoyin da kuka yi ta maimaitawa

Na haɗa su wuri guda. Ku karanta kafin ku sake aikowa.

Wane jirgi ne?

Jirgin ruwan yaƙi ne mai manyan igwa goma, ƙirar Hamburg a Jamus. Ya fara aiki a 1912 da sunan Goeben.

A wane yaƙi ya nutse?

Bai nutse ba. Na sha faɗa muku. Abokin tafiyarsa Breslau ne ya taka nakiyoyi ya nutse kusa da tsibirin Imbros a Janairun 1918. Yavuz ma a ranar ya taka nakiya uku, ya maƙale a gaɓar Nagara, aka yi kwanaki kafin a ja shi.

To, me ya kai jirgin Jamus Turkiyya?

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke yana Bahar Rum, jiragen Ingila na bin sawunsa. Kwamandan rundunarsa, Wilhelm Souchon, ya zille musu, ya isa mashigin Dardanel ranar 10 ga Agusta 1914. Enver Pasha, ministan yaƙin Turkiyya, ya ce a buɗe masa. Bayan kwana shida aka sanar cewa ya zama na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, aka raɗa masa Yavuz Sultan Selim.

Ina rubutun makaranta. In kira shi jirgin Jamus ko na Turkiyya?

Kwantar da hankalinka, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna mata. Ya danganta da shekarar da kake magana a kai. Kafin Agustan 1914 na Jamus ne, ba musu. Daga Nuwamban 1918, lokacin da Jamus ta miƙa shi a hukumance, na Turkiyya ne. Tsakanin nan ne rigimar take. An ce an saye shi, amma cinikin na baka ne, don Turkiyya ba ta shiga yaƙi ba tukuna, kuma doka ba ta yarda ta ajiye jirgin masu yaƙi a ruwanta ba. An ɗaga tutar Turkiyya, matuƙan suka sa jar dara, amma Jamusawan nan dai su ne, Souchon ne kuma ke ba da oda.

Duk da haka kada ka rubuta cewa yaudarar Turkawa aka yi kawai. Suna cike da haushi, domin Churchill, ministan sojan ruwan Ingila, ya riƙe jiragensu biyu da aka ƙera a Ingila, Sultan Osman da Reshadiye, waɗanda har talakawa sun ba da gudummawar kuɗin sayensu. Shi ya sa aka yi murna da zuwan Goeben. Kuma tun 2 ga Agusta akwai yarjejeniyar sirri tsakanin Jamus da Turkiyya. Ni dai shawarata, ka ce jirgi ne mai tutar Turkiyya a hannun Jamusawa, sannan ka ambaci shekara. Idan malaminka ya fi son wani fasali, ku tattauna, maganar tana ɗaukar haka.

Da gaske shi ya jefa Turkiyya cikin yaƙi?

Shi ya kunna wutar. Ranar 29 ga Oktoba 1914 ya yi wa Sebastopol, tashar jiragen ruwan Rasha, ruwan harsasai, cikin mako guda Rasha da Ingila da Faransa suka shelanta yaƙi. Amma ku daina ɗora wa ƙarfe laifin da mutane suka shirya.

Bayan yaƙin fa?

An gyara shi, ya koma aiki a 1930. A 1938 shi ya ɗauki gawar Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, daga Istanbul zuwa Izmit. An sauke shi daga aiki a 1950.

Idan na je Turkiyya zan gan shi?

A'a, kuma abin yana ci mini rai. A 1963 Turkiyya ta yi wa Jamus ta Yamma tayin ta saye shi, Jamus ta ƙi. Aka sayar wa masu yankan ƙarfe a 1971, aka ja shi a 1973, aka gama daddatsa shi a 1976.