Yawon Ƙungiyoyin Masu Babura a Ƙasashen Waje

Yawon ƙungiyar masu babura a ƙasar waje tafiya ce ta hutu da 'yan ƙungiya ɗaya ke shiryawa, su hau baburansu a ayari su tsallaka iyakar ƙasarsu, su yi kwanaki ko makonni suna yada zango daga wannan gari zuwa wancan. Ba tsere ba ne, ba kuma fatauci ba. Hanyar kanta ita ce abin da aka fito nema, shi ya sa masu shirya irin wannan tafiya kan kauce wa miƙaƙƙen titi mai saurin kaiwa, su zaɓi mai kwana-kwana da hawa da gangara ko da zai ci musu yini guda. Galibi akan yi mako ɗaya zuwa biyu, da babura daga biyar zuwa ashirin, wasu mahayan da goyo, wasu su kaɗai.

Asali

Ƙungiyoyin masu babura sun taso kusan tare da babur ɗin kansa. A Ingila an kafa Motor Cycling Club a 1901. A Amurka ƙungiyar Yonkers ta biyo baya a 1903, ta San Francisco kuma a 1904, shekarar da aka kafa tarayyar ƙasa da ƙasa ta harkar babura a birnin Faris na Faransa, wadda yau ake kira FIM. Farkon abin, fita ce ta ƙarshen mako da gwajin juriya a cikin gida. Ɗaiɗaikun masu ƙarfin hali ne suka nuna cewa babur na iya keta ƙasashe. Carl Stearns Clancy, Ba'amurke, ya zaga duniya a kan babur ƙirar Henderson tsakanin 1912 da 1913. Theresa Wallach da Florence Blenkiron sun bar Landan a watan Disamba na 1934 da babur ƙirar Panther mai ɗaki a gefe, suka ratsa Sahara, suka isa Cape Town a 1935.

Tafiyar ayari a matsayin hutun mai ƙaramin ƙarfi ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka gyara hanyoyin Turai, jiragen fito suka yawaita, ma'aikata kuma suka samu hutun shekara da albashi. Daga baya kamfanonin ƙera babura suka shigo da nasu ƙungiyoyin; mafi shahara ita ce Harley Owners Group da aka kafa a 1983, mai rassa a ƙasashe da dama.

Inda ake zuwa

Tsaunukan Alps ne kan gaba, kuma duk wanda ya dubi taswirarsu zai ga dalili: cikin yini ɗaya mahayi na iya taka ƙasashe uku, ya haye mashigin dutse huɗu ko biyar. Mashigin Stelvio na arewacin Italiya yana da tsayin mita 2,757, da kwanoni 48 masu lanƙwasar ƙugiya a fuskarsa ta arewa maso gabas, kowace da lambarta a jikin dutse. An gina hanyar tsakanin 1820 da 1825, don keken doki, ba don injin ba, shi ya sa take da ƙunci har yau. A Ostiriya akwai hanyar Grossglockner da aka buɗe a 1935, mai tsawon kilomita 48, wadda ake biyan kuɗi kafin a hau. A wajen Alps kuma, a Romaniya akwai hanyar Transfagarasan, da aka gina tsakanin 1970 da 1974, mai kaiwa mita 2,042. Duk waɗannan dusar ƙanƙara na rufe su da hunturu, don haka lokacin tafiyar gajere ne, daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba.

Wasu ƙungiyoyin kan nufi Amurka don bin Route 66, tsohuwar hanyar da aka ayyana a 1926 wadda ta tashi daga Chicago ta ƙare a Santa Monica, kusan kilomita 3,940. Wasu Maroko suke tsallakawa daga kudancin Sifen, su haye tsaunukan Atlas ta mashigin Tizi n'Tichka. Masu son wuya kuwa Ladak ta arewacin Indiya suke zuwa, inda mashigin Khardung La ya haura mita 5,300. Akwai kuma waɗanda kan ɗaura tafiyarsu da wani taro na shekara-shekara, kamar tseren TT na tsibirin Man da aka fara a 1907, ko gangamin Sturgis na jihar Dakota ta Kudu da aka fara a 1938.

Kai babur can

Hanya uku ce. Ta farko a hau babur tun daga ƙofar gida, a shiga jirgin fito inda ruwa ya tare hanya. A cikin jirgin akan bar babur a giya ta ɗaya, a jingine shi a kan ƙafarsa ta gefe, a ɗaure shi da ɗamara ta saman sirdi, a sa wani abu mai taushi a ƙarƙashin ɗamarar don kada ta yanke fatar. Tsakanin Ingila da Faransa akwai kuma jirgin ƙasa na ramin ƙarƙashin teku, wanda ke kai mutum da baburinsa daga Folkestone zuwa Calais cikin minti 35. Ta biyu a tura baburan gaba a babbar mota ko kwantena ko jirgin sama, mahayan su bi su. A jirgin sama ana lissafa babur cikin kaya masu haɗari, don haka sai an rage man tanki. Ta uku a yi haya a can. Haya ta fi sauƙin takardu, amma mahayi zai fara baƙuwar hanya a kan baƙon babur, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a yinin farko.

Takardu

Nan ne tafiye-tafiye da yawa ke lalacewa tun ba a tayar da injin ba, domin ayari ba ya wuce kan iyaka sai na ƙarshensa ya wuce. Mutum ɗaya ya manta takardar mallakar baburinsa, goma sha tara su yini a rana suna jiransa. Bayan fasfo da biza, ana buƙatar lasin tuƙi da ya dace da girman babur ɗin, kuma ƙasashe da yawa na neman lasin ƙasa da ƙasa a kai. Shi ma iri-iri ne: na yarjejeniyar Janeba ta 1949 shekara ɗaya yake aiki, na yarjejeniyar Biyana ta 1968 kuwa yana kaiwa shekara uku, kuma ba kowace ƙasa ce ke karɓar duka biyun ba.

Sai inshora. Turai da wasu maƙwabtanta na aiki da tsarin koren kati, wanda ke nuna cewa babur na da inshorar biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna. Afirka ta Yamma na da kati mai ruwan ƙasa na ECOWAS, gabashi da kudancin Afirka kuma na da kati mai ruwan ɗorawa na COMESA. Inshorar lafiyar matafiyi daban take, kuma a nan ake yawan tafka asara, domin da yawa daga cikinta ba ta biyan wanda ya ji rauni a kan babur mai injin da ya wuce cc 125 sai an ƙara wannan sharaɗi da gangan.

Ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Iran na neman wata takardar kwastan mai suna Carnet de Passages en Douane, wadda ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa bayan an ajiye kuɗin jingina. Alkawari ce cewa babur zai fita kamar yadda ya shigo, ba sayar da shi za a yi ba. Ana buga mata hatimi a shiga, a buga a fita. Wanda ya bar ƙasa ba tare da hatimin fita ba, a idon kwastan baburinsa na nan ciki, kuma jinginarsa ce za ta biya harajin.

Yadda ayari ke tafiya

Wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma shi ke bambanta ƙungiyar da ta san abin da take yi da taron mutane masu babura. Madugu na gaba. Shi ya san hanya, shi ke yanke inda za a sha mai da inda za a huta. A can baya akwai mai rufe ayari, gogaggen mahayi mai ɗauke da kayan gyara da na agajin gaggawa, wanda ba ya wuce kowa ko da me ya faru. Sababbin hannu akan sa su kusa da madugu, ba a baya ba. Dalilin kuwa shi ne ayari kan miƙe ya tattaru kamar roba: in na gaba ya ƙara wuta kaɗan, sai na ƙarshe ya yi gudu mai yawa kafin ya cim masa. Sa mai ƙaramin ƙwarewa a wutsiya tilasta masa gudun da ya fi ƙarfinsa ne.

A miƙaƙƙen titi ana jeruwa a karkace: madugu a gefe ɗaya na layin, na biyu a ɗaya gefen, na uku a bayan madugu, haka har ƙarshe. Ƙa'idar da masu koyar da tuƙi ke bayarwa ita ce tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke gabanka kai tsaye, daƙiƙa ɗaya tsakaninka da na gefe. Da an shiga kwanoni, ko hanya ta lalace, ko ruwa ya sauko, sai a koma layi ɗaya a buɗe tazara, kowa ya samu faɗin titi ya zaɓi inda zai bi. In babura sun yi yawa akan raba su rukuni-rukuni na biyar zuwa bakwai, domin dogon ayari danja kan yanke shi, kuma yana hana motoci wucewa har direbobi su fusata su kutsa tsakiya.

Akwai wata dabara da ƙungiyoyin Birtaniya suka fi amfani da ita, kuma a tafiyar ƙasar waje da wuya a samu wadda ta fi ta. Duk inda hanya ta rabu, a mararraba ko shataletale, madugu zai nuna wa wanda ke bayansa wuri da hannu. Shi kuma ya tsaya a inda ake ganinsa, yana nuna wa masu zuwa inda aka bi, ba zai motsa ba sai ya hango mai rufe ayari, sannan ya shiga gabansa. Da haka ba wanda ke buƙatar ganin na gabansa, mai sauri ya yi saurinsa, mai hankali ya bi a hankali, ayari na iya bazuwa tsawon kilomita da yawa ba tare da kowa ya ɓata ba. Raunin dabarar ɗaya ne: in mai tsaron mararraba ya gaji da jira ya tafi, duk na bayansa sun ɓace. Na'urar GPS da na'urar magana ta cikin hular kwano sun sauƙaƙa abubuwa, amma ba su kore alamun hannu ba, kamar nuna tanki don neman mai, ko miƙa ƙafa don nuna rami ko tsakuwa a hanya.

Haɗari

Babban haɗarin tafiyar ayari ba baƙuwar hanya ba ce, kunya ce. Mahayi ya ga abokansa sun yi nisa, ba ya so a ce shi ne ke riƙe mutane, sai ya shiga kwana da gudun da bai saba ba. Shi ya sa madugun kirki kan maimaita kowace safiya cewa kowa ya yi tuƙin da ya iya, za a jira shi. Na biyu gajiya. Kilomita 300 a cikin duwatsu aikin yini ne cur, kuma gajiyar kan taru, ta fi bayyana a kwana na uku ko na huɗu. Jadawalin da ba shi da ranar hutu a tsakiya jadawali ne mara kyau, komai kyan wuraren da ya lissafa.

Sauya hannun tuƙi ma na da nasa tarkon. Birtaniya da Ayalan da Indiya da Japan da Afirka ta Kudu hagu suke bi, yawancin sauran duniya dama. Mai mota sitiyarinsa na tuna masa, mai babur ba abin da ke tuna masa. Kuskuren ba a cikin cunkoso yake faruwa ba, sai da sassafe a titin da ba kowa, ko lokacin fitowa daga gidan mai. Wasu kan manna ɗan tef mai launi a madubin gefen da ya kamata su bi. A kan tsauni kuma iska na sanyaya da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, injin na rasa ƙarfi, birki na zafi a doguwar gangara in ba a riƙe babur da giya ba. Wanda ya bar kwari yana gumi na iya isa ƙololuwa yatsunsa sun sandare.

Hular kwano ba abin sasantawa ba ce: nazarin da aka tattara ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. A duk ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agaji 112 ce.

Dokokin masu masauki

Kowace ƙasa da nata ƙananan dokoki, kuma rashin sani ba ya hana tara. Faransa ta wajabta wa mai babur da goyonsa safar hannu mai shaidar inganci tun 2016, da ajiye riga mai ƙyalli don lokacin lalacewa a hanya. Ostiriya da Suwizalan na neman shaidar biyan kuɗin manyan tituna kafin a hau su. Ratsawa tsakanin motoci a cunkoso halal ne a Birtaniya da jihar Kalifoniya, amma yawancin jihohin Amurka ba su yarda ba.

Batun da ya fi zafi a 'yan shekarun nan shi ne ƙara. Ƙauyukan da ke bakin mashigan Alps na shan rugugin dubban babura a ranakun hutu na bazara, kuma kukan mazauna na da tushe, domin kwari kan riƙe ƙara ya maimaita ta. A 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta hana baburan da ƙararsu a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyi na yankin Reutte a watannin bazara, ko da babur ɗin haka ya fito daga kamfani. Adadin na rubuce a takardar rajistar babur, kuma shi 'yan sanda ke dubawa. Saboda haka ƙungiyar da ke shirin bi ta wannan yanki sai ta duba takardar kowane babur tun a gida, ta sauya hanya ko ta raba ayari idan akwai wanda ya haura.