Wai mene ne GLP-1 ɗin nan da ake ta magana a kan allurar rage ƙiba?

Tunda maganar Ozempic ta fara yawo a TikTok da Facebook nake ganin mutane suna ta rubuta GLP-1, wasu ma sun ɗauka sunan allurar kenan. To ba sunan allura bane jama'a, abu ne da yake cikin jikin kowa, yanzu haka in kin gama cin tuwon dare hanjinki yana nan yana sakinsa.

GLP-1 sinadari ne irin wanda likitoci ke kira homon, wato ɗan aike da wani sashe na jiki ke turawa ta cikin jini zuwa wani sashen. Da abinci ya sauka hanji sai ya fito, ya je gaɓar da ke samar da insulin yace a ƙaro don sukarin jini ya sauka, ya sa tumbi ya rage saurin tura abinci gaba, sannan ya haura ƙwaƙwalwa yace mata an ƙoshi. Wannan jin da kake yi in ka ture kwano kace alhamdulillah ya isa, yana da hannu a ciki.

Tun shekarun 1980 masu bincike irin su Joel Habener da Svetlana Mojsov a Boston ta Amurka, da Jens Juul Holst a Denmark suka gano aikinsa, amma matsalar ita ce na jikinmu baya daɗewa, cikin minti biyu wani sinadarin mai suna DPP-4 ya farfasa shi, kaga ba yadda za'a yi magani da abin da yake ɓacewa nan da nan. Sai a 1992 wani likita a New York, John Eng, ya samo wani abu mai kama da shi a cikin dafin wani ƙadangare da ake kira Gila, wanda ke zaune a hamadar kudu maso yammacin Amurka da Meziko, shi kuma na ƙadangaren yana ɗaukar awanni bai lalace ba. Daga nan aka yi maganin ciwon suga na farko irin wannan a 2005. Ikon Allah kenan, daga bakin ƙadangare fa.

Kamfanin Novo Nordisk na Denmark ne ya haɗa semaglutide, wani magani mai kwaikwayon aikin GLP-1, wanda ke zama a jiki kusan sati guda, shi yasa allurar sau ɗaya ake yi a sati, tana zuwa kamar biro, a soka a fatar ciki ko cinya. A 2017 Amurka ta amince da shi da sunan Ozempic don masu ciwon suga, a 2021 kuma aka fitar da Wegovy, maganin ɗaya ne amma da ƙarin ƙarfi, shi kam don ƙiba aka yi shi. A babban gwajin da aka yi da mutum 1,961 na tsawon sati 68, waɗanda aka yi wa allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa wadda babu magani a ciki kuwa kashi 2 da ɗan wani abu kawai, alhali duka an basu shawarar gyara cin abinci da motsa jiki. Mai kilo 100 ya dawo wajen 85 kenan.

Amma ni abin da yafi taɓa ni shine abin da ya faru bayan an daina. Da aka bibiyi wasu daga cikinsu shekara ɗaya bayan tsayar da allurar, kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka sauke ya dawo. Saƙon ƙoshin ne aka ɗauke sai yunwar ta dawo yadda take da.

Ina da yaya mai jiki, na ga yadda take fama, ta bar shinkafa ta bar lemon kwalba, da asuba tana zagaye unguwa, ta sauke kaɗan sai ya dawo, kuma duk biki sai an samu mai ce mata ke dai ki rage ci mana. Wata rana na same ta a kicin wajen sha ɗayan dare tana tsaye gaban tukunya bata buɗe ba, tace min wallahi ji take kamar bata ci komai ba tun safe. Ban manta fuskarta ba. Binciken GLP-1 ya nuna cewa yunwa da ƙoshi ba son rai bane kawai, aikin sinadarai ne, kuma ƙarfinsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum, akwai gado a ciki, ga kuma irin abincin da ya cika mana kasuwa yanzu mai suga da mai.

Sai dai don Allah kar a ji wannan a ruga. Maganin yana kawo tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, wasu yana jawo musu tsakuwar madaciya, ba a yi wa mai ciki allurar, haka wanda ke da tarihin wani nau'in kansar thyroid (wata gaɓa da ke gaban wuya) a danginsu, kuma ba kitse kaɗai ke tafiya ba har da tsoka in mutum baya motsa jiki. Ga tsada, ga jabu, don a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi gargaɗi bayan an kama Ozempic na bogi a Birazil da Birtaniya da Amurka. Allura ce da ake ajiyewa a firij kafin a fara amfani da ita, likita ke farawa da ɗan kaɗan yana ƙarawa a hankali wata bayan wata, to wadda ta tallata miki a WhatsApp tace ki turo kuɗi a saka miki a mota, ki tambaye ta a ina ta ajiye ta tun da ta shigo ƙasar.