Sabulun narkarwa da zubawa

Sabulun narkarwa da zubawa hanya ce ta haɗa sabulu a gida inda ake sayen dunƙulen sabulun da masana'anta ta riga ta dafa, a yayyanka shi, a narkar, a saka ƙamshi da launi, sannan a zuba a mazubi ya daskare. A gaskiya mai wannan aiki ba ƙirƙirar sabulu yake yi ba, sake masa siffa yake yi. Haɗuwar mai da soda, wadda ita ce ke haifar da sabulu, an gama ta tun a masana'anta. Shi ya sa ake fara koya wa sabon shiga wannan hanya: ba zai taɓa soda mai ƙona fata ba, kuma ba zai jira mako 4 zuwa 6 da sabulun haɗin sanyi, wato wanda ake haɗa mai da soda da hannu ba tare da dafawa ba, ke yi kafin ya nuna ba.

Abin da ke sa dunƙulen ya narke cikin sauƙi shi ne gilisarin, wani ruwa mai kauri da ake samu daga mai, da wasu sinadarai irinsa, kamar sobitol, da aka ƙara masa. Masanin sinadarai ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya gano gilisarin a ƙarni na 18, kuma sabulu mai garai-garai ya yi suna a Landan tun farkon ƙarni na 19 ta hannun Andrew Pears. A yau akwai dunƙule mai garai-garai kamar gilashi, akwai fari wanda aka saka wa farar hodar da ake kira titanium dioxide, akwai kuma masu ɗauke da nonon akuya ko man kaɗanya, wanda daga Afirka ta Yamma ake fitar da akasarinsa.

Wuta ita ce gwanintar aikin. Dunƙulen yana narkewa a wajen digiri 50 zuwa 60 na ma'aunin Salshiyas, don haka ba a ɗora shi kai tsaye a kan murhu. Ana saka yankakken sabulun a kwano, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, ana juyawa a hankali. Mai na'urar maikurowef kuma ya riƙa kunnawa daƙiƙa 30-30. Idan sabulun ya tafasa, ruwan jikinsa ya tsere, ya yi danƙo, launinsa ya dushe. Juyawa da ƙarfi kuma kumfa take tarawa. Ƙamshi ana saka shi ne bayan an sauke, kusan giram 2 zuwa 3 a kowane giram 100, kuma sai turaren da aka yi don fata. Bayan an zuba a mazubin silikon, ana fesa sifirit a saman don kumfar ta fashe. Wannan feshin ne kuma ke manne hawa biyu masu launi daban-daban. Cikin sa'o'i kaɗan sabulun ya yi tauri.

Masu koyo sukan so su cika shi da kayan gyaran jiki, amma dunƙulen ba ya ɗaukar kaya da yawa. Mai ko zuma idan suka wuce ƙaramin cokali a rabin kilo, kumfa ta ragu, sabulun ya yi laushi. Ɗanyen ganye da 'ya'yan itace suna ruɓewa a ciki, yawancin busassun furanni su koma ruwan ƙasa. Ƙamshin banila ma yakan rinar da farin sabulu.

Matsalar da ta fi fitowa ita ce zufa. Gilisarin yana jawo danshi daga iska, sai a ga ɗigo-ɗigon ruwa a jikin sabulun kamar raɓa. Ba lalacewa ya yi ba, kyan gani ne ya ragu. Da damina abin ya fi tsanani, da hunturu kuwa sabulun da aka bari a buɗe bushewa yake yi ya tsuke. Don haka da an cire shi daga mazubi ake naɗe shi da leda mai manne wa jiki, kuma ba a ajiye shi a firji, domin yana fitowa zai jiƙe.