Tambayar abin da ke cikin abinci ga masu borin jini da masu ƙa'idar ci, a harsuna daban-daban

Tambayar abin da ke cikin abinci ita ce hanyar da mutumin da jikinsa ba ya jituwa da wani nau'in abinci, ko wanda likita ko addini ya gindaya masa ƙa'idar ci, yake bi domin ya san abin da aka zuba a tukunya kafin ya kai loma baki. A birni kamar Kano, inda Bahaushe yake cin abincin Bayarabe da na Inyamuri a Sabon Gari, yake shiga gidajen abincin 'yan Labanan, kuma yake tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Saudiyya ko Masar ko Indiya, wannan tambaya takan fita da harsuna da yawa, kuma kuskure a cikinta yana iya kai mutum asibiti.

Abin da ake gudu

Borin jini na abinci, wanda ma'aikatan lafiya suke kira alaji, yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta ɗauki wani furotin na abinci a matsayin abokin gaba, ta saki sinadarai irin su histamin. Alamominsa sukan bayyana daga 'yan mintuna zuwa awa biyu bayan ci: ƙaiƙayi, ƙuraje masu tashi rudu-rudu, kumburin leɓe ko fatar ido, amai da murɗawar ciki. Mafi munin yanayinsa shi ne anafilaksis, inda maƙogwaro yake kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya yi ƙasa, kuma ɗan abin da bai cika cokali ba ya isa ya jawo shi.

Wannan ya bambanta da rashin iya narkar da sukarin madara, wanda yake kawo kumburin ciki da gudawa amma ba ya toshe numfashi, kuma ya bambanta da cutar siliyak, wadda alkama da sha'ir suke lalata wa mai ita hanji sannu a hankali. Masu ciwon suga da masu hawan jini da masu gyambon ciki su ma suna tambaya, sai dai su yawan suga ko gishiri ko yaji ne yake damunsu, don haka "kaɗan ne aka sa" amsa ce mai amfani a gare su. Ga mai borin jinin gyaɗa kuwa, wannan amsar daidai take da a ce masa kada ya ci.

Yadda ake tambaya a Kano

Gyaɗa ta shiga abincin Kano sosai, abin da ba zai ba da mamaki ba ga garin da ya yi suna da dalar gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Abu na farko shi ne yawanci ba a ganinta da ido. Tana cikin yajin da mai tsire yake barbaɗawa, tana cikin labun da ake tsoma kilishi, tana cikin miyar taushe, da kwaɗon zogale da na rama, da ƙulin da ake zuba wa gurasa, ga kuma man gyaɗa na gargajiya, wanda mata suke matsewa a gida, da yake ɗauke da ragowar furotin fiye da wanda aka tace a masana'anta. Saboda haka wanda ya tambayi mai abinci "Akwai gyaɗa a ciki?" zai iya samun amsar "Babu" daga mutum mai gaskiya, domin a wurin mai tsire ƙuli-ƙuli sunansa ƙuli-ƙuli, ba ya lissafa shi a matsayin gyaɗa. Tambayar da take aiki ita ce wadda ta kira kowane abu da sunan da mai girki ya san shi da shi: gyaɗa, ƙuli, tunkuza, man gyaɗa. Ko a cikin Hausar ma akwai wurin tuntuɓe, domin abin da Bakano yake kira gyaɗa, a wasu sassan Nijar da ƙasar Sakkwato gujiya ake ce masa.

Sauran abubuwan ma haka suke ɓuya. Waken suya yana cikin awara, kuma ana yin wata daddawar da shi a madadin kalwa. Alkama tana cikin alkaki da finkaso da taliya, kuma masu ɗanwake da dama suna haɗa garinsu da fulawa. Man shanu yakan shiga miya ba tare da an ambata ba, riɗi kuma shi ne jigon kantu.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko wuya, shi ne kunya da kara. Baƙo a gidan Bahaushe ba ya bincikar abin da aka kawo masa, kuma "ba na ci" takan faɗo a kunnen uwargida kamar tsirfa ko raini, sai ta ce a ɗan taɓa ko loma ɗaya ce. Maganin wannan shi ne a haɗa tambayar da dalilinta, cikin ladabin da ya dace da wanda ake yi wa magana. Saurayi zai ce wa dattijuwa mai tuwo: "Hajiya, don Allah akwai gyaɗa ko ƙuli ko man gyaɗa a miyar nan? Idan na ci ko kaɗan ne numfashina sarƙewa yake yi, sai an kai ni asibiti." Uwa kuma za ta ce wa mai tsire: "Malam, kada ka sa wa yaron nan yaji, kuma ka yanka masa da wata wuƙar a kan takarda mai tsabta." Ambaton asibiti shi ne yake fitar da maganar daga babin son rai ya kai ta babin lalura, kuma Bahaushe ba ya jayayya da lalura. Ita ma maganar wuƙa da faranti tana da muhimmanci, domin tiren mai tsire guda ɗaya ne, kuma yajin da aka zuba wa na gaba yana nan a kai.

Harsunan maƙwabta

A Sabon Gari da sauran unguwannin da baƙi suka yi yawa, Turancin Buroka ya fi saurin isar da saƙo: "Groundnut dey inside?" Da Yarbanci gyaɗa ita ce ẹ̀pà, ana kuma tambaya da "Ṣé ẹ̀pà wà nínú ẹ̀?", da harshen Ibo kuwa ahụekere ake ce mata, kuma da ita ake yin ose ọjị, markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai yaji da ake ba baƙo tare da goro ko yalo. Amma a girkin kudu abin da ya fi ɓuya shi ne busasshen jatan lande, wanda ake dakawa a zuba a miyar agushi da ogbono, har da alale da dafa-duka, ta yadda ko mai girkin ba ta ɗaukarsa a bakin komai sai kayan ɗanɗano. Wanda jikinsa ba ya karɓar halittun ruwa masu ɓawo dole ne ya ambace shi da sunansa.

Fatake masu zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram, da masu sayen kayan gwangwani da suka shigo daga ƙasashen renon Faransa, suna buƙatar kalmomi biyu: arachide da cacahuète, duka gyaɗa ne. Jimlar da za a faɗa ita ce "Je suis allergique aux arachides," wato "Ina da alajin gyaɗa." Kalmar fruits à coque da ake gani a jikin fakiti tana nufin 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su yazawa da almon, gyaɗa ba ta cikinsu, domin ita dangin wake ce. Irin wannan rarrabewar tana cikin Turanci ma, inda Amurkawa da Turawan Ingila suka fi sanin peanut fiye da groundnut da ɗan Najeriya ya saba faɗa.

Larabci da tafiyar aikin Hajji

Alhazai da masu Umara da ɗaliban da suke karatu a Masar da Sudan su ne suka fi buƙatar Larabci. Alaji shi ne hassasiyya, ana cewa "Indi hassasiyya min..." sai a ambaci abin. Gyaɗa ita ce ful sudani, kuma wajibi ne a faɗi kalmomin biyu tare, domin ful kaɗai wani babban wake ne da ake karin kumallo da shi, wanda shi ma yake iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da yake kare waɗannan ƙwayoyin. Riɗi shi ne simsim, kuma a teburin Larabawa ya fi zuwa a markaɗe da sunan ɗahina, a cikin hummus da halawa da miyar da ake zuba wa shawarma. Wannan gargaɗin ya shafi har wanda bai bar Kano ba, muddin yana cin abincin 'yan Labanan.

Halal da sauran ƙa'idojin addini

A Kano da Makka ba a tambayar halal, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je sarin kaya a Guangzhou yana neman rubutun 清真, wanda ake furtawa cingjen, a ƙofar gidan abinci. A Indiya, inda Kanawa da yawa suke zuwa neman magani, ɗigon kore a cikin murabba'i mai koren layi yana nuna abinci ba shi da nama, sai dai wannan alama ba ta kore madara ko gyaɗa. A Turai kuma rubutun da ya ce babu naman alade bai nuna an yanka dabbar yankan Musulunci ba, bai kuma nuna ba a yi girkin da giya ba, don haka kowanne sai an tambaye shi daban.

Dokokin lakabi, wato rubutun jikin fakitin abinci

Tarayyar Turai, a ƙarƙashin doka mai lamba 1169/2011 da ta fara aiki a Disamba 2014, ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar da alaji, har a gidajen abinci. Amurka ta lissafa guda 8 a dokar 2004, ta ƙara riɗi ya zama na 9 daga Janairu 2023. Birtaniya ta tsaurara dokarta a Oktoba 2021, bayan rasuwar wata yarinya a 2016 sakamakon burodi mai riɗi da ba a rubuta a jikin ledarsa ba. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take kula da lakabin abincin da aka ƙunshe, amma tuwo da tsire da gurasar bakin titi ba su da lakabi, komai ya dogara ne ga bakin mai saye da amanar mai sayarwa.

Katin bayani da agajin gaggawa

Ga matafiyin da bai iya harshen inda za shi ba, musamman dattijon alhaji, katin da aka rubuta da harshen ƙasar ya fi manhajar fassara ta waya aminci, domin manhajar takan rikita sunayen abincin Hausa. Ya kamata katin ya ƙunshi sunan abin da ba a ci da duk abubuwan da ake yi da shi, da bayanin cewa ko kaɗan ne yana da haɗari ga rai, da roƙon a yi amfani da tukunya da cokali masu tsabta, kuma wanda ya iya harshen sosai ya duba shi kafin tafiya. Idan alamun anafilaksis suka bayyana, maganin farko shi ne allurar adirenalin a cinya, sannan a garzaya asibiti ko da mutum ya ji sauƙi, domin abin yana iya dawowa bayan wasu awanni. Ƙwayoyin ƙaiƙayi irin su Piriton ba sa buɗe maƙogwaron da ya kumbura. Lambar kiran gaggawa a Najeriya da ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, ta motar asibiti a Saudiyya kuma 997.