Ƙarfin tsinkewa da nauyin aiki: lambar da ke jikin igiyar masu saran bishiya

Idan ka shiga shagon kayan aiki a Legas ka tambayi igiya, mai shago zai jawo ƙunshi ɗaya ya ce maka, "Oga, wannan tan biyu take ɗauka." Sau da yawa ba ƙarya yake yi ba, abin da aka rubuta a takardar ya karanto. Sai dai lambar nan tana faɗin nauyin da igiyar ke tsinkewa ne a kansa, kuma shi ake kira ƙarfin tsinkewa. A jikin takardar za ka gan shi da haruffan MBS ko MBL, galibi da ma'aunin kN. Kowane kN ɗaya ya yi daidai da nauyin kilo 100 da 'yan kai, don haka 22 kN ya kama kimanin kilo 2,200.

Yadda ake samo lambar shi ne a ɗauki sabuwar igiya, busasshiya, wadda ba ta taɓa shan rana ko goga ba, a ɗaura ta a inji, a riƙa ja a hankali har ta yanke. Babu ƙulli, babu fizga. Igiyar da ke rataye a reshen mangwaro a Ikoyi ba ta cikin wannan hali ko kaɗan. Shi ya sa ake da lamba ta biyu, nauyin aiki, wadda ake rubutawa WLL: iyakar abin da aka yarda ka ɗora mata yau da gobe ba tare da ka ci ƙarfinta ba. Ana samun sa ne ta raba ƙarfin tsinkewa. Ga igiyar da mutum zai rataya a jikinta, gida goma ake rabawa, wato mai 22 kN aikinta ya tsaya a kilo 220. Ga igiyar sauke itace, wasu na raba biyar, masu taka-tsantsan na raba goma. Ni ina tare da masu goma, kuma dalilina lissafi ne.

Ɗauki guntun ɗanyen icce mai kaurin santimita 40 da tsawon mita ɗaya. Ɗanyen icce mai nauyi yakan kusanci kilo 1,000 a kowace mita kubik, to wannan guntun zai kai kilo 120 ko fiye, buhun siminti biyu da rabi ke nan. Idan aka sauke shi sannu, igiya kilo 120 ta ji. Amma mai yanka yana sama, ya ɗaure guntun, ya sa masa inji, guntun ya kife ya faɗo mita ɗaya kafin igiya ta kama shi. A ce ta tsayar da shi cikin santimita 20 na miƙewa. Matsakaicin ƙarfin da ta sha ya zama ninki shida, kilo 720, kuma a daidai ƙarshen miƙewar ya kusan ninka haka, ya haura kilo 1,400. Ko da guntun bai faɗo ko taku ɗaya ba, sakin nauyi farat ɗaya a kan igiya yana ninka shi biyu.

Ba a gama ba. Igiyar ta bi ta kan kura, irin ta rijiya, wadda aka ɗaure a jikin bishiyar, gefe ɗaya na riƙe da icce, ɗayan na hannun wanda ke ƙasa. Kurar da abin da aka ɗaure ta da shi suna jin jan ɓangarorin biyu a haɗe, kusan ninki biyu. Guntun kilo 120 ya koma abin da ya doshi tan uku a wuyan bishiyar da mutum ke maƙale a jikinta. Ga kuma ƙulli, wanda ke rage ƙarfin igiya, wani da kashi ɗaya cikin huɗu, wani har rabi, saboda lanƙwasar da yake yi wa zaren. Tan biyun mai shago tuni ta ƙare.

Daga nan ne aikin na ƙasa yake da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Yaron da bai ƙware ba yakan naɗe igiya a gindin bishiya ya danne ta gam, yana ganin ya yi ƙoƙari. Gwani kuwa yakan bar ta ta ɗan gudu, ya rage mata gudun a hankali har guntun ya tsaya. Za ka ji na sama yana ƙwala masa kira: "Kai Ɗanjuma, sake mata, kar ka riƙe!" Tsayawa cikin mita biyu maimakon santimita 20 ita ke rage fizgar nan ƙwarai.

A Legas ba kasafai ake samun filin da za a kayar da bishiya gaba ɗaya ba. Katanga na nan da wayarta, motar maigida na gefe, wayar wuta ta ratsa ta cikin rassa, rufin maƙwabci na ƙasa. Dole a sauke ta gunduwa-gunduwa, don haka igiya biyu ake buƙata, ta hawa da ta sauke itace, kuma ba sa musanya aiki. Igiya ba ta mantuwa. Kowace fizga tana cin wani abu daga ƙarfinta wanda ido ba ya gani, to wadda ta taɓa tare icce ba ta ƙara ɗaukar mutum. Masu sana'ar sukan sayi launi daban-daban don kar a ruɗe a tsakiyar aiki.

Igiyar hawa tana da ƙa'idoji rubutattu. A Turai, ƙa'idar EN 1891 ta ce nau'in A kada ƙarfin tsinkewarsa ya gaza 22 kN, ko 15 kN idan an yi masa ƙulli a baki, kuma kada ya miƙe fiye da kashi 5 cikin 100 idan aka ƙara nauyi daga kilo 50 zuwa 150. A Amurka, ƙa'idar ANSI Z133 ta masu aikin bishiya ta sa ƙarfin tsinkewa na nauyin fam 5,400, kimanin 24 kN, da kaurin rabin inci, wato milimita 12.7, ko da yake ta yarda da milimita 11 ga wanda aka horar. Ana son igiyar hawa da ƙarancin miƙewa saboda mai hawa a rataye yake aiki, igiya a miƙe kullum. In tana lilo kamar roba, rabin ƙarfinsa a banza zai tafi. Wannan ne ya bambanta ta da igiyar masu hawan duwatsu mai lambar EN 892, wadda aka yi ta don ta miƙe sosai ta tare wanda ya faɗo. Takan shigo cikin kayan tokumbo, wato gwanjon ƙasashen waje, kyakkyawa da ita, amma ba ta wannan aikin ba ce.

Igiyar sauke itace takan fi kauri, daga milimita 12 zuwa 19 ga yawancin aiki, kuma mafi yawanta saƙa biyu ce, ta ciki da ta waje, suna raba nauyin tsakaninsu. Irin wannan igiya, bi ta kan kura take so. In za ka wurga ta kan reshe kai tsaye, ɓawon icce zai riƙe ta wajen ya bar ta cikin da aiki, nan mai tufka uku ko mai saƙa goma sha biyu ta fi jure goga. Kurar ma da girmanta: faɗin gargarenta ya kai aƙalla ninki huɗu na kaurin igiyar.

Sai zaren da aka yi ta da shi. Poliyesta shi ne gwarzon wannan sana'a, ba ya miƙewa da yawa, yana jure rana, jiƙa ba ta rage masa ƙarfi, kuma sai zafi ya haura digiri 250 yake narkewa. Nailan ya fi shi shan fizga, amma yana rasa wani kaso na ƙarfinsa in ya jiƙe, abin lura a garin da ruwan Yuni kan wuni yana zuba. Akwai Dyneema mai ƙarfin gaske, sai dai ba ta miƙewa kusan sam, tana da santsi, kuma wajen digiri 150 take narkewa, don haka tare faɗuwar icce ba nata ba ne.

Wadda ta fi damuna ita ce shuɗiyar igiyar ledar nan da ake ɗaure lodin tirela da ita a kasuwar Mile 12 ko a ja rago da ita. Polifirofilin ce. Rana na cinye ta har ta riƙa zubar da gari, tana narkewa wajen digiri 165, kuma gudu ɗaya a jikin gindin bishiya da nauyi a kanta ya isa ya ƙona ta. Galibi ba lamba ko ɗaya a jikinta. Amma ita ce ake miƙa wa maigadi in reshe ya dami gida, a ce, "Malam, ɗan hau ka rage mana wannan." Ɗan'uwanmu ya ɗaura ta a ƙugu ya hau da adda, don kar a ce ya ƙi aiki. Araha ba ta ado, balle ɗaukar rai. In maigida na son a rage bishiya, ya nemo masu kayan aikin, kuma ya tuna cewa a jihar Legas sai da izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, ake sare bishiya, ko a harabar gidanka take.

Lambar takarda ta ranar da igiya ta fito daga masana'anta ce, daga nan raguwa take yi. A Ingila dokar LOLER ta 1998 ta wajabta a duba kayan da ke ɗaga mutum duk wata shida a hannun ƙwararre, kuma masu ƙera igiya da yawa ba sa yarda ta wuce shekara goma ko da ba a taɓa kwance ta ba. Mu nan dubawar a hannunka take. Kafin ka hau, bi ta da yatsu daga baki zuwa baki. Inda ka ji ta yi laushi ko ta shafe, inda ta yi ƙululu, inda ta yi ƙyalli da tauri alamar ta narke, inda zare ya tsinke ya fito, nan ƙarfinta ya tsaya komai kyan sauran. Yashin Lekki in ya shige cikin saƙa yana yanka zaren daga ciki, to a wanke ta da ruwa zalla, a shanya a inuwa. Kada a ajiye ta a ɗakin janareta kusa da batir, domin ruwan batir na cinye nailan ba tare da ya bar tabon kirki ba. Tsohuwar igiyar jirgin ruwa da ake samu wajen Apapa kuwa, tunda ba wanda zai gaya maka abin da ta ja a baya, a bar ta wa ɗaurin kaya.

Igiyar hawa da ta tsufa amma ba ta da rauni tana iya komawa jan ƙananan rassa ko ɗaga kayan aiki zuwa sama. Wadda ta lalace kuma, sa mata wuƙa ka yanka ta gajeru-gajeru kafin ka zubar, domin in ka jefar da ita ɗungurungum, baban bola zai tsince ta, kuma cikin mako guda tana shimfiɗe a bakin titi ana cinikinta.