Mene ne ham rediyo, rediyon da kai ma kake magana a ciki?

Mu dai abin da muka saba da shi shi ne a kunna rediyo a saurari BBC Hausa ko DW, su yi magana mu ji. To ham rediyo ba haka yake ba, mutum ne a ɗakinsa da na'urar aikawa da karɓar murya, da eriya a tsakar gida, yana hira da wani a Brazil ko Jafan, ba intanet ba layin waya ba sayen data. Sha'awa ce zalla, doka ma ta hana a yi kasuwanci ko talla da shi.

Kuma ba hawa ake yi haka kawai ba, sai ka samu lasisi daga hukumar sadarwa ta ƙasarka, yawanci bayan jarabawa, sannan a ba ka lambar kira wadda kai kaɗai ke da ita a duk duniya. Farkon lambar ne ke faɗin ƙasar mutum, Najeriya 5N, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma ɗan hannu ne, lambarsa JY1.

Yadda hirar take kuwa, za ka ji mutum yana ta maimaita CQ CQ, wato duk mai ji na ya amsa, sai wata murya ta ɓullo daga cikin shuuu ɗin nan ta faɗi lambarta, su gaya wa juna suna da gari da ƙarfin sigina, in an ce 59 to tangaran ake jin ka. Su yi sallama da 73, gaisuwarsu ke nan, kowa ya rubuta lokaci da zango, wato mitar da aka yi hirar a kai, a littafinsa, daga baya a aika wa juna katin QSL shaidar an gana.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda harkar take ɗaure mutum da yanayi kamar manomi. Can sama akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, shi ne yake dawo da siginar gajeren zango ƙasa ta sauka dubban kilomita nesa. Shi ya sa da rana zangon mita 20 da 15 ke tafiya nesa, dare ya yi sai 40 da 80 su karɓa. Ita kanta ranar tana da zagaye na kusan shekara 11, wanda muke ciki ya fara ne a Disambar 2019, kuma in ta yi ƙarfi zangon mita 10 sai ya buɗe, da ɗan ƙaramin wuta ka tsallaka teku.

A Turai daga Mayu zuwa Agusta zangon mita 6 kan buɗe ba zato, lokacin tsattsewa ta riga ta koma can daga Afirka lambu ya yi kore, to mai eriya a lambu dole idonsa na kan duka biyun, zangon da lambun. A wajenmu kuwa da ka ga shamuwa ta iso ka san damina ta kusa, tsawa za ta cika zangon 80 da 40 da ƙara har kunne ya gaji. Wayar eriyar mita 20 tsawonta wajen mita 10 ne, in ka ɗaure ta tsakanin darbejiya biyu iskar hadari na kaɗa rassan sai ta tsinke, gara a rataya wani abu mai nauyi a igiyar gefe guda ta riƙa sassautawa. Kuma don Allah da hadari ya haɗo a cire eriya daga jikin na'ura, wannan maganar rai ce.

Wasu na ganin wasan masu hali ne, ni ban yarda ba. A girgizar ƙasar Nepal ta 2015 da guguwar Maria a Puerto Rico a 2017 da layukan waya suka mutu, waɗannan mutanen sun taimaka wajen isar da saƙo. Ranar 18 ga Afrilu ce ranarsu ta duniya, ranar da aka kafa ƙungiyarsu IARU a Paris a 1925. Mai son farawa ya nemi rediyon gajeren zango mai SSB, wato salon aika murya da masu ham ke amfani da shi, ya laluba wajen 14.2 MHz a zangon mita 20 da yamma, ya fara da saurare kafin ya nemi lasisi.