Hutu da ɓacin rai: amsar tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan dai su ne kullum kullum, to ga amsa nan sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya ta wannan zan turo masa.

Wai da gaske yanayin zuciyar mutum yana canza daɗin hutu?

Eh. Mutum biyu a otal ɗaya, ruwan sama ɗaya ya dake su, wannan ya dawo da labari wancan ya dawo da ƙorafi.

Kuɗina kaɗan ne fa, zan ji daɗi kuwa?

Je inda kuɗinka ya kai, ka daina leƙen na wasu.

Na isa wurin amma bai kai yadda na gani a hoto ba.

Haba, wa ya ce maka dama zai kai? Mai hoton nan sai da ya jira jama'a suka watse, ya jira rana ta yi sanyi, ya gyara kala a waya sannan ya ɗora. Zanen Mona Lisa da ake ta zuzutawa a gidan tarihi na Louvre a Faransa tsawonsa santimita 77 ne, faɗinsa 53, yana bayan gilashi, kuma ta bayan ƙeyar mutane masu ɗaga waya za ka hango shi. In da buri ka je na ganin abu mai cika bango to haushi zai cika ka, kuma ba laifin zanen ba ne.

Ke nan in rage zumuɗi kafin tafiya?

A'a, kar ka rage. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan mutum 1,530 a ƙasar Holan ya nuna masu shirin tafiya hutu sun fi waɗanda ba su da shirin farin ciki tun kafin su tashi, amma bayan dawowa yawancinsu babu wani bambanci. Wato zumuɗin ma rabonka ne, ci abinka. Abin da na hana shi ne ka tsara komai a kanka daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Jirgi ya yi jinkirin awa biyar, jakata ta ɓata, kai kuma kana ce mini in saki rai?

To wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ta danganta. Sakin rai ba ya nufin ka yafe haƙƙinka, nan ne mutane ke kuskure, su ɗauka haƙuri shi ne a yi shiru a cuce ka. In jirginka daga wata ƙasar Tarayyar Turai ya tashi, akwai dokarsu ta 2004 da ta ba da damar neman diyya daga yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya idan kun sauka da jinkirin awa 3 ko fiye, amma fa in mummunan yanayi ne ya jawo kamfanin zai iya cewa ba laifinsa ba ne, kuma wasu ƙasashen dokarsu daban ce, don haka duba ta inda kake kafin ka fara ɗaga murya. Jaka kuma kar ka kuskura ka bar filin jirgi ba ka cike takardar rahoto a teburin kaya ba, ka adana tikitin jakar da rasidin duk abin buƙatar da ka saya, domin a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wato ta ƙasa da ƙasa kan sufurin jiragen sama, sai bayan kwana 21 ake lissafa jaka a matsayin wadda ta ɓata, in dai ba kamfanin ne ya amsa da kansa tun kafin nan ba. Shin ihu yana aiki? Wani lokacin mai naci yana samu, ba zan musa ba, amma naci daban ne da zagi, kuma ma'aikaciyar da ke gabanka ba ita ta ɓatar da jakar ba, ita ce dai mai iya nemo maka kujera a jirgi na gaba in ta ga dama. Ka yi abin da ya kamata, ka rubuta, ka ajiye shaida, sannan ka rufe maganar zuwa gobe. Kar ka kwashe ta ka kai wurin cin abincin dare kana maimaita wa iyalinka kamar ba tare kuke ba lokacin da abin ya faru.

Abokin tafiyata mai mita ne, komai sai ya kushe.

Ba shi aiki. Ya zaɓi inda za ku je gobe, mutum ba ya cika kushe abin da shi ya zaɓa. In ya ƙi, ku rabu da safe ku haɗu da yamma, ba faɗa ba ne wannan.

Kwana biyun farko duk a gajiye nake, hutun ya lalace ko?

Kwantar da hankalinka, bai lalace ba. In ka tsallaka ƙasashe masu bambancin lokaci jiki kan ɗauki kusan kwana guda kan kowace awa ta bambancin kafin ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Fita ka sha rana, ka daina zargin kanka.

Dole sai na riƙa ɗora hotuna a Instagram kullum?

Wa ya aike ka?